Kada Ka Yar Da Tsohuwar Kwamfuta, Sake Mata Rumbu

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wani kuka da ya yi yawa a kwalejin nan tamu, har ya kusa zama gaisuwa. Ko a aji, ko a ɗakin kwana, ko a inuwar da mu ke zaman jiran malami, sai ka ji wani ya ce, "Kwamfutata ta tsufa, in na kunna ta sai in je in yi wanka in komo ba ta gama farkawa ba." Ƙarshen zancen kuwa ko da yaushe ɗaya ne, watau a aika gida a ce a nemo kuɗin sabuwa. To, ni a ganina yawancinmu ba mu da bukatar sabuwa. Abin da ya kamata shi ne a cire mata tsohon rumbunta na ajiya, a sa mata sabon iri mai faɗi da sauri wanda a ke kira SSD, a kwashe dukan abin da ke cikin tsohon a zuba a sabon ba tare da ko harafi ɗaya ya salwanta ba. Har wa yau ina ganin wannan aiki ne da ya kamata mai koyon malanta ya iya da hannunsa.

Kada wani ya ce ƙaramar magana ce. Tun 1996 da Gombe ta zama babban birnin jiha makarantu su ke ta ƙaruwa. Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta fasaha a cikin gari, ga Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ga Jami'ar Tarayya a Kashere tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Billiri. Tun 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawa da takarda da fensir, sai a kwamfuta. Shirin darasi, da rahoton koyarwar gwaji, da littafin bincike na shekarar ƙarshe, duk da ita mu ke yinsu. A unguwarmu ta Madaki da wuya ka shiga ɗakin ɗalibi ba ka ga 'yar kwamfutar cinya a kan tabarma ko a kan tebur ba. Galibinsu kuwa, HP ne ko Dell ko Lenovo, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka yo lodinsu zuwa Ikko, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano kana suka iso hannunmu. Kuɗin da aka saye su da shi mun san inda ya fito. Wani ubansa ne ya kai buhunan wake Tudun Hatsi, wata kuwa uwarta ce ta ɗauki adashi. Wanda ya san haka lalle ya yi tunani sau biyu kafin ya sake miƙa hannu gida.

Bari mu duba inda nauyin nan ya ke fitowa. A cikin ko wace kwamfuta akwai wurin da ta ke ajiye kome da kome, tun daga Windows da ke tafiyar da ita har zuwa 'yar wasiƙar da ka rubuta jiya. Wannan shi na ke kira rumbu. Tsohon irinsa faifai ne na gaske, mai kewayawa kamar faifan garmaho, da wani ɗan hannu da ke kai da kawowa a bisansa yana karatu. Kamfanin IBM na Amurka shi ya fara fitowa da shi a 1956. Na farkon nan fayafai 50 gare shi, ko wanne faɗinsa inci 24, amma abin da ya ke iya riƙewa bai wuce kamar haruffa miliyan 5 ba, watau hoto ɗaya ko biyu na wayar zamanin nan sun cika shi. An yi ta ƙanƙanta shi har ya koma kamar tafin hannu, amma dabarar ba ta sake ba. Na cikin kwamfutar cinya yawanci ya kan kewaya sau 5,400 a minti ɗaya. Sa'ad da ka kunna ta, Windows na bukatar dubban ƙananan takardu da ke warwatse ko ina a kan faifan, ɗan hannun nan guda ɗaya shi zai bi su ɗaya ɗaya ya ɗauko. Ƙwaƙwalwar kwamfutar tana zaune tana jira, kai ma kana jira, kana zaginta a kan laifin da ba nata ba. Daɗin daɗawa, abu mai motsi ba ya son jijjiga. In kana cikin aiki ta faɗo daga kan gado, ɗan hannun na iya taɓa faifan ya karce shi, shi ke nan aikin shekara uku ya tafi.

Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Danginsa ɗaya da memorin waya da filashin da mu ke ratayawa a makulli. Wani injiniya Bajapane mai suna Fujio Masuoka, ma'aikacin kamfanin Toshiba, shi ya ƙago irin wannan ajiya a shekarun 1980. A 1991 wani kamfanin Amurka, wanda yanzu a ke kira SanDisk, ya sayar da mai cin megabait 20 a kan dala 1,000. Yau ga shi a kantunan garinmu, wanda ya ninka wancan sau dubbai, a kan kuɗin da bai kai rabin na kwamfuta ba. Tsohon faifai ya kan karanta kamar megabait 100 a daƙiƙa in ya samu hanya miƙaƙƙiya, shi kuwa SSD ko na talaka ya kan haura 500. Wajen tsintar ƙananan takardun nan warwatsattsu kuwa, ratar da ke tsakaninsu ta fi haka nesa ba kusa ba. Don haka kwamfutar da ta ke cin minti biyu ko uku kafin ta farka sai ka ga ta tashi cikin daƙiƙa ashirin ko talatin, alhali kuwa ita ce dai ta jiya.

To, in an sayo sabon rumbu, hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda masu gyara suka fi so, watau a sa Windows sabo fil, a ba ka kwamfuta wayam kamar ɗakin da aka share. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, gama ta fi sauƙi, ga kuma mutane a bakin shago suna jira. Amma ku dubi abin da ɗalibi ya ke rasawa. Manhajar rubutu da ta lissafi sai an sake nemo su. Abin da ke sa kwamfuta ta gane injin buga takardu ya tafi. Kalmomin sirri da ta riƙe maka sun tafi. Ɗalibin fasaha da ya sha wuya kafin ya daidaita manhajar zane sai ya koma farko. Duk wannan kuwa da data za a sake sauko da shi, data kuma kuɗi ce. Ko an kwafe maka takardunka a filashi, a kan manta da wani lungu, sai ran da malami ya ce a kawo babi na uku ka tarar babu shi.

Hanya ta biyu ita ce wadda na ke goyon baya. Masu gyara suna ce mata kulonin, ni kuwa na fi so in ce juyi, yadda malamanmu na da su ke juya littafi, tun daga shafin farko har na ƙarshe, layi bisa layi, har da abin da aka rubuta a gefe. Juyi ya bambanta da kwafe takardu da mu ke yi kullum. A kan rumbun akwai waɗansu ɓoyayyun sassa da ido ba ya gani, su ne ke nuna wa kwamfuta inda za ta fara in an kunna ta. In ka kwafe takardu kurum, waɗannan ba su biyo ka, sabon rumbun ba zai tashi ba. Manhajar juyi kuwa ta kan ɗauke duka. Ka kunna, ka tarar da hoton da ke kan fuskarta yana nan, takardunka na nan inda ka bar su. Rajistar Windows ma ba ta ɓaci, domin a jikin babban allon kwamfutar ta ke ɗaure. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1995 wani mutumin Niyuzilan mai suna Murray Haszard ya ƙago manhajar Ghost don wannan aiki, kamfanin Symantec ya saye ta a 1998. Akwai kuma Clonezilla, wadda wata cibiyar bincike ta ƙasar Taiwan ta yi, kyauta ce ga kowa. Kamfanin Samsung yana ba da tasa manhajar ga wanda ya sayi rumbunsa.

Ga yadda aikin ya ke a taƙaice. Da fari ka san irin ramin da kwamfutarka ke da shi, domin SSD iri iri ne. Akwai mai faɗin inci biyu da rabi wanda ke shiga gurbin tsohon faifai daidai, akwai kuma siriri kamar ɗan yatsa da a ke kira M.2, shi ma kashi biyu ne. Wanda ya saya bai duba ba ya sayi abin ajiya a akwati. Sa'an nan ka nemi 'yar igiyar da ke haɗa sabon rumbun da kwamfuta ta ƙofar USB. Kafin ka taɓa kome, ka kwafe takardun da ba ka iya rasawa a filashi ka ajiye waje ɗaya, gama rigakafi ya fi magani. In rumbunka a kulle ya ke da makullin nan na Windows mai suna BitLocker, ka rubuta lambobinsa 48 a takarda, ka kuma kwance shi tukuna. Ka cika batir, ka zaɓi wurin da wuta ba za ta yanke maka ba, domin aikin ya kan ci awa guda, wani lokaci awa uku ko fi, gwargwadon yawan kayanka. Wurin da ke bukatar natsuwa ƙwarai guda ɗaya ne, watau sa'ad da manhajar ta tambaye ka wanne za a juya, a kan wanne kuma za a zuba. In ka haɗa su baibai, wofi za ta zuba a kan cikakke, ba kuwa mai komo maka da shi. Ka karanta sunan ko wanne da girmansa sau biyu kafin ka danna. In an gama, ka kashe ta, ka kwance sukurori, ka musanya su, ka kunna.

Me ya sa na ce a sayi mai faɗi? Dalili na farko, juyi daga ƙaramin rumbu zuwa babba ya fi sauƙi, waɗansu manhajojin ma, kamar Clonezilla, su kan yi gardama in sabon bai kai tsohon girma ba. Na biyu, SSD ba ya son a cika shi maƙil, in ya cika saurinsa ya kan ragu. Amma akwai abin lura a nan. In ka juye mai gigabait 250 a kan mai 500, sau da yawa sai ka tarar kwamfuta tana nuna maka 250 ɗin nan dai, sauran yana kwance kamar gonar da ba a share ba. Tilas a faɗaɗa sashen da Windows ke ciki ya cinye filin. Ya fi kyau a yi haka tun a lokacin juyin, domin daga baya wani ɗan sashe na gyaran Windows ya kan tsaya a tsakani ya tare hanya. Kuma in ka ga mai 500 ya nuna 465, kada ka koma kasuwa da faɗa. Masu ƙera shi da dubu dubu su ke ƙirga, Windows kuwa da 1,024.

Na san akwai masu ja da ni, maganarsu kuma ba ta banza ba ce. Wani zai ce, ai juyi ba ya zaɓe, in akwai ƙwayar cuta a tsohon rumbu za ta bi ka sabon gida. Gaskiya ne. A makarantar mishan inda na yi firamare, malaminmu ya kan hana mu kwafe darasi daga littafin ɗan'uwa sai ya duba shi, domin in na farko ya yi kuskure aji duka sun yi. Haka abin ya ke a nan. Kafin juyi a yi shara, a cire manhajojin da ba a amfani da su, a bincika cuta. In kuwa Windows ɗin ya riga ya lalace, yana ta faɗuwa, ko faifan ya fara ƙara ƙas ƙas, to, a nan na yarda da mai gyara, a tsamo takardu da sauri a sa sabo. Amma wannan hukuncin maras lafiya ne, bai kamata a yanke wa mai lafiya shi ba.

Wani kuma zai ce kasuwa cike ta ke da jabu. Wannan ma haka ne, araha ba ta ado. Akwai rumbun da aka rubuta masa terabait guda alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, kana zuba kaya yana haɗiyewa yana zubarwa. Akwai kuma tsoho da aka goge aka sa a sabon kwali. Maganinsu gwaji. Manhajar CrystalDiskInfo ta kan nuna awa nawa rumbu ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa, H2testw kuwa ta kan cika shi ta karanta don ta ga ko girman da aka faɗa gaskiya ne. Dukansu kyauta ne. Ka yi sharaɗi da mai kanti tun a wurin ciniki, cewa in gwaji ya nuna aibu za ka komo da shi.

Kada kuma in yi muku alkawarin abin da SSD ba ya yi. Ba ya rayar da mataccen batir, ba ya gyara fasasshen gilashi. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10, Windows 11 kuwa ba ya karɓar yawancin injunan da aka ƙera kafin 2017. Sabon rumbu ba ya sake wannan hukunci. Duk da haka irin waɗannan injuna ba su mutu ba, suna iya ɗaukar Linux, irin su Ubuntu, wanda ba a biyan ko kwabo, ya kuwa isa rubutu da lissafi da shiga intanet. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 kaɗai duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62. Ban ga dalilin da zai sa mu da mu ke sayen abin da waɗansu suka gama da shi mu riƙa gaggawar ƙara wa juji ba.

Saura maganar tsohon faifan da aka cire, ita ce kuwa ta fi damuna. Kada ka goge shi ran nan. Ka ajiye shi mako biyu ko wata guda har ka tabbata sabon ya zauna daram, don ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu. Ka sani kuma SSD in zai mutu ba ya sallama. Tsohon faifai ya kan yi ƙara ya yi gargaɗi, shi kuwa sai dai a wayi gari a tarar ya yi shiru, tsamo kaya daga cikinsa kuma abu ne mai wuyar gaske. Saboda haka in ka natsu, ka saya wa tsohon ɗan gida mai igiya, ya zama wurin ajiyarka na biyu, ko wane mako ka zuba masa aikinka. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a bar shi a shago a ce a rage kuɗin aiki da shi. Duk sirrinka yana ciki, hotunan iyalinka, da takardun banki. Gobe in mun zama malamai, har da makin yaran mutane da tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halalinsu, amma faifan zai wuce hannunsu ya shiga hannun wanda ba ka sani ba. Amana ce, malami kuwa da amana a ke saninsa. 'Yan'uwanmu mata su fi kowa lura da wannan.

Wannan ne ya kawo ni ga roƙon da na ke so in yi wa hukumar kwaleji da ƙungiyar ɗalibai. A sayi igiyoyin nan biyu ko uku, da 'yan sukundireba ƙanana, da filashi guda mai ɗauke da Clonezilla, a ajiye a ɗakin kwamfuta a hannun malamin da ke lura da shi. A keɓe Asabar ɗaya a wata, wanda ya sayo rumbunsa ya zo da shi, waɗanda suka iya su tsaya a kansa, amma shi zai yi da hannunsa. Wanda aka koya wa a wannan wata shi zai koya wa wani a wata mai zuwa. Kuɗin kayan duka bai kai na liyafar yaye ɗalibai guda ɗaya ba. A fara kuma tun farkon zango, kada a bari sai saura kwana uku a miƙa littafin bincike, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku tuna, ba dukanmu za a bari a cikin Gombe ba. Za a tura wani Dukku, wani Nafada, wata Kaltungo ko ƙauyukan Balanga. A can sau da yawa za ka tarar da kwamfuta biyu ko uku da gwamnati ko wata ƙungiya ta bayar, an rufe su da zane a ofishin hedimasta don sun yi nauyi, mai gyara kuwa sai an biya kuɗin mota kafin a gan shi. Malamin da ya san abin da na bayyana a nan zai iya tashe su da kuɗi kaɗan, yaran da za su zauna jarrabawar JAMB su sami abin da za su koyi danna harafi a kai tun kafin ranar. An ce da tsohuwar zuma a ke magani. Iyakar abin da na ke da shi ke nan, wanda ya ga inda maganata ta karkace, ga filin mujallar nan a buɗe, ya rubuto mu ƙaru.

Ɗalibi mai koyon malanta,
Unguwar Madaki, Gombe.